Ruwan wanka mai ɗumi a bakin garka, ba da itace ba

Ɗan'uwa manomi, da ɗari kake kwana a garka wajen albasa. Ranar da ka fesa maganin ƙwari wajibi ne ka yi wanka da sabulu tun bai ratsa fata ba. Amma saboda hunturu wasu sai su bari sai gobe, ga itace da tsada. To, rana tana ɗumama ruwa kyauta.

Nemi tiyo mai kauri, wanda ake kira PVC, faɗin santimita 10, tsawon mita 2. Yana cin kusan lita 15. Toshe bakunan biyu da marfi, ka liƙe da gam ɗin tiyo. Sa ƙaramin famfo a ƙasan baki ɗaya, a saman ɗayan ka huda ƙofar zuba ruwa mai marfi. Shafe shi da baƙin fenti, don baƙi ne ke shan zafin rana. Amalanke na kai shi ko'ina.

Cika shi da hantsi, ɗora shi bisa rumfa, gefen famfo ya ɗan karkata. Kafin la'asar ya yi ɗumi. Kada ka jira almuru, da sauri yake hucewa. In ruwa ya ƙi zubowa, sassauta marfin sama, iska yake so.

Masu kwana daji don shaƙatawa a Amurka sukan hura masa iska da famfon keke, ruwa ya fito da ƙarfi. Ni ban ba ka wannan shawara ba: tiyon da ya sha rana in ya fashe, ɓaraguzansa na raunata mutum. Da bazara kuwa, taɓa ruwan da hannu tukuna, yana ƙuna.