Sararin Sama Ma Yana Cunkushewa

Tun da aka ƙaddamar da aikin filin jirgin saman Gusau a 2024, muke jin ɗalibai a Tsafe da Bungudu na tambaya: in jirage suka yi yawa, ba za su yi karo ba?

Sama ma tana da hanyoyi, kuma jami'an hukumar NAMA ne ke ba jirage hannu daga cibiyoyin Kano da Legas. A 2008 Afirka ta rage tazarar da ake bari tsakanin jirgi da wanda ke samansa daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000 a can ƙololuwa, sai hanyoyin suka kusan ninkawa.

Abin da ke tafe ya fi burge mu. Jirgi kan gano inda yake ta tauraron ɗan'adam, ya sanar da kansa, don haka za a iya barinsa ya miƙe maimakon zagaye. A filin London City kuwa, tun 2021 kyamarori ke kallon jirage, jami'an suna wani gari daban. Ƙaramin fili irin na Gusau zai iya morar wannan.

Mai sha'awar aikin, a kwalejin jiragen sama ta Zariya ake koyonsa. Sai a riƙe lissafi da Turanci.