Dafa Ƙwai a Leda: Sauƙin da Bai Kai Kasadarsa Ba

A Amurka, masu zuwa shaƙatawa a daji sun yayata wata dabara: a fasa ƙwai cikin leda mai zif, a zuba albasa da gishiri, a jefa a tafasasshen ruwa, jim kaɗan a zazzago wainar ƙwai ba a ɓata kasko ba. Abin ba baƙo ba ne a wajenmu, domin haka ake ƙulla alala a farar leda, da manja da yankan ƙwai a ciki. Tun 2016 Audu Ogbeh, ministan noma na lokacin, ya ja kunnen jama'a kan alalar leda. Magana ɗaya ce: ledar da ba don girki aka yi ta ba, ba ta da hurumin shiga tukunya.

Yawancin waɗannan ledoji da robar foliyetilin ake yin su, kuma mai laushin cikinta tana narkewa ne tsakanin digiri 105 zuwa 115 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, gindin tukunya ma ya fi haka zafi. Kafin leda ta narke ta riga ta saki jiki, kuma zafi da maiƙo su ne ke hanzarta tsiyayar sinadaran roba zuwa cikin abinci. Gwaiduwa maiƙo ce, manja ma haka. Kamfanin SC Johnson mai ledar Ziploc da kansa bai ba da shawarar a sa ta a tafasasshen ruwa ba.

Wani zai ce ai manyan kuku a Faransa suna dafa nama a leda. Haka ne, amma ledarsu ta musamman ce, an tantance ta don abinci, kuma ruwansu ba ya kaiwa tafasa, da na'ura suke tsare zafinsa. Ledar ƙullin kasuwa ba tambari, ba sunan masana'anta, baƙar kuma sau da yawa daga tsofaffin robobi ake narko ta. Wani kuma zai ce mun daɗe muna ci ba abin da ya same mu. Ai damuwar masana ba ciwon cikin dare ɗaya ba ne, abin da jiki ke ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon shekaru suke tsoro. Rage wuta ma ba mafita ba ne, domin hukumar noma ta Amurka ta ce sai abincin ƙwai ya kai digiri 71 kafin a tsira daga ƙwayar salmonela, kuma a ƙullin leda tsakiya ce ke makara wajen nuna.

Mai sayar da alala tana zaɓar leda ne don araha, wannan uzuri ne na gaske. Amma ƙananan kwanonin ƙarfe marasa tsatsa sau ɗaya ake sayensu su yi shekaru, ganyen ayaba kuma yana yin aikin. Ƙwai ya dahu a ɓawonsa ko a kasko, leda ta tsaya wajen ɗaukar cefane.