Gida a kan ruwa: Yadda Sarkawa ke kwana da tashi cikin kwale-kwale a kogin Kwara

Manomin Agiye ko Gazawa bai san jirgin ruwa a matsayin wurin kwana ba. Ko a Gidan Rumji, inda Gulbin Maraɗi ke ratsawa, ruwan na 'yan watannin damina ne, daga nan sai rairayi da lambuna. Amma ruwan nan ba a nan yake tsayawa ba. Yana shiga Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima, ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ya zube a kogin Kwara. A can ne ake samun masu jin Hausa da kwale-kwale ya zame musu ɗaki da madafa da wurin sana'a.

Su ne Sarkawa da Kabawa, masunta na ƙasar Kebbi da Yawuri, waɗanda suka daɗe suna bin kifi sama da ƙasa, ta Gaya da Yamai, wasu har Gao a ƙasar Mali. Tafiyar kan ɗauki watanni, don haka ake ɗaukar iyali da kayan gida.

Tsakiyar jirgin ake kafa rumfa ta tabarma ko leda, nan ne makwanci. Murhu kuwa ba a ɗora shi kan katako kai tsaye, sai an shimfiɗa yashi ko an sa kasko a ƙasa, domin gobara a kan ruwa ta fi ta tudu muni. Da asuba maza su duba taru da mamari, in an samu tarwaɗa ko karfasa ko giwan ruwa, sai a tsaya a gaɓa mata su yi banda, a tara har ranar kasuwa.

Aikin da ba ya ƙarewa shi ne kwalfe ruwa. Babu jirgin katako da ba ya yoyo, ko sabo ne. Yankakkiyar jarka ba ta rabuwa da hannun yaro, kuma yawan ruwan da aka kwalfe da safe shi ke gaya wa mai jirgi ko lokacin gyara ya yi. In ya yi, a jawo jirgin tudu a kife shi, a kankare gansakuka, a zare ƙusoshin da suka yi tsatsa, a cusa tsumma ko auduga tsakanin katakai, a bi da narkakkiyar kwalta. Katakon da ya ruɓe dole a cire shi, kuma a nan ake jin jiki, don maɗaci, itacen da masassaƙa suka fi yarda da shi, ya yi ƙaranci. Barin jirgi a rana ma matsala ce: katako ya bushe ya tsage, ranar da aka mayar da shi ruwa ya sha kamar kwando.

Sai inji. Yawanci Yamaha ne da ake rataya a baya, mai son fetur gauraye da baƙin mai. Ciyawar ruwa da tsohon taru kan naɗe farfela, yashi ya toshe hanyar da ruwa ke bi ya sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya ci wani kaso na abin da a da ake warewa don gyara. Wanda zai zaɓa tsakanin jarkar mai ta yau da katakon da zai iya jira sai wata mai zuwa, an san abin da zai zaɓa. Shi ya sa gora da filafili ba su bar cikin jirgi ba har yanzu.

Abin da jinkirin gyara ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutane fiye da 150, 'yan kaɗan aka ceto. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, sun ɗora laifin kan tsufan jirgin da lodin da ya wuce kima. Wannan jirgin fasinja ne, amma katako da ƙusa da kwaltar duk iri ɗaya ne da na masu kwana a ciki. A yankin akwai kuma kututturan itatuwa da ruwa ya shanye tun kammala madatsar Kainji a 1968, waɗanda matuƙi ba ya gani sai ya hau kansu.

NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Dokar ta fi kama masu jigila a tashoshi. Masunci da ke kwana da mata da 'ya'ya a bakin wani tsibiri ba shi da tashar da jami'i zai tare shi, sai dai sarkin ruwa na yankin da ya yada zango, wanda shi ma ikonsa ya fi ƙarfi a kan rabon wurin su da sasanta rikici, ba a kan ingancin katako ba.