Kunne Da Aljihu: Sayen Na'urar Sitiriyo Ta Farko

Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa a Tambuwal ko Kebbe domin sayen sitiriyo yakan fara da tambayar farashi, alhali kunnensa ya kamata ya fara tuntuɓa. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar sauti daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, kuma wannan iyaka ta sama tana raguwa da shekaru. Kuɗin da aka biya domin sautin da ya zarce haka asara ce.

Alan Blumlein ya ƙirƙiro sitiriyo a Ingila a 1931, bisa hujjar cewa ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji. Saboda haka kaso mafi tsoka ya tafi ga lasifikoki biyu nagari, a kuma ajiye su nesa da juna. Ragowar ta isa ƙaramin amfilifaya, da na'urar daidaita wutar lantarki, da ƙyallen rufewa saboda ƙurar hunturu.

Ƙara kuwa ba abin kashe wa kuɗi ba ce. Dogon sauraron abin da ya haura desibel 85 yana kashe ƙwayoyin ji na can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tsirowa.