Burujin Raƙumin Dawa: Hangen Abubuwan da ke Zurfin Samaniya daga Tudun Wadan Zariya

Gabatarwa

Daga cikin burujai 88 da masana ilimin taurari suka raba samaniya a kansu, akwai wani a ɓangaren arewa da ake kira Camelopardalis, wato Raƙumin Dawa. Petrus Plancius, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya fara zana shi a farkon ƙarni na 17. Duk da faɗinsa, taurarinsa dishi-dishi suke, don haka bai yi fice kamar Kaza da 'Ya'yanta ba. Wannan maƙala za ta nuna abin da mai ƙaramin madubin hangen nesa zai iya gani a cikinsa daga Tudun Wada, da lokacin da ya dace a nema.

Matsayinsa a Samaniyar Zariya

Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka Tauraron Arewa ba ya wuce digiri 11 daga sararin ƙasa. Raƙumin Dawa yana shimfiɗe ne tsakanin wannan tauraro da Capella mai haske. Abubuwan da ake nema a cikinsa ba sa kai digiri 40 ko da sun yi tsayin ƙarshe. A irin wannan matsayi, haskensu yana ratsa iska mai kauri fiye da ninki ɗaya da rabi na wadda hasken tauraron da ke tsakar ka yake ratsawa. Bugu da ƙari, mai duban arewa daga Tudun Wada ta kan fitilun Sabon Gari yake dubawa.

Abubuwan da Ake Gani

Na farko shi ne Jerin Kemble, taurari sama da 20 da suka jeru kusan a miƙe, tsawonsu ya kai faɗin cikakken wata sau 5. Lucian Kemble, wani limamin Kirista a Kanada, shi ne ya jawo hankali gare shi a 1980, bayan ya gan shi da madubi mai ido biyu. Ana samunsa ta hanyar jan layi tsakanin taurari biyu na gefe-gefen Cassiopeia mai siffar W, daga Caph zuwa Segin, sannan a ƙara irin wannan tazarar gaba. A ƙarshen jerin akwai NGC 1502, ƙaramin curin taurari mai wasu tagwaye masu haske a tsakiyarsa.

Na biyu shi ne NGC 2403, wata galaksi, wato tarin biliyoyin taurari, wadda William Herschel ya gano a 1788. Haskenta yana shafe sama da shekara miliyan 8 kafin ya iso gare mu. A madubi mai faɗin milimita 100 takan bayyana kamar ɗan hayaƙi mai siffar ƙwai. A cikinta ne Koichi Itagaki, wani mai sha'awar taurari a Japan, ya gano fashewar wani tauraro a Yulin 2004.

Lokaci da Dabaru

Matsalar Zariya ita ce burujin yana yin tsayi da farkon dare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hazon hunturu yake dushe arewacin sama. Da damina kuwa, ko sama ta washe, yana ƙasa-ƙasa. Mafita ita ce kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi kauri. A farkon Nuwamba, NGC 1502 yana kai tsayinsa wajen ƙarfe 2 na dare, NGC 2403 kuma gab da asuba.

Ya kamata a zaɓi daren da babu farin wata, a zauna cikin duhu na minti 20 zuwa 30 ba tare da duba waya ba. A fara da gilashi mafi ƙarancin ƙara girma, kuma a dubi galaksin da gefen ido, domin gefen ya fi tsakiya kama haske mai rauni. Wanda ya samu hali ya fita arewacin gari tare da abokai, ya bar fitilu a bayansa.

Kammalawa

Tsadar madubi ba ta maganin hazo. Ɗalibin da ya san taswirarsa, ya kuma jure tashin dare a kaka, zai ga abin da mai babban madubi zai rasa a tsakiyar hunturu.