Kazar da ta takure a gindin bango: Me ya sa kafso ba ya maganin tsutsar ciki da ƙuma?

A gidaje da dama na Arewacin Najeriya labarin iri ɗaya ne. Da safe uwargida za ta buɗe akurki, kaji su fito da gudu su nufi tsaba, sai guda ɗaya ta koma gindin bango ta takure, fukafukai a sake, ido a lumshe. Kafin azahar an aiki yaro kemis ya sayo kafson nan mai ja da rawaya, an farke shi an zuba a ruwan shanta. In ta miƙe, a ce magani ya ci. In ta ci gaba da langaɓewa, a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe.

Ga matan karkara da na unguwannin talakawa, kaza asusu ce: ita ake sayarwa a biya kuɗin magani ko a sayi littafin yaro. Sai dai kasala alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kanta, kuma wancan kafso, wanda galibi tetracycline ne da aka yi domin mutane, ba ya kashe tsutsa, ba ya kashe ƙuma, ba ya kuma taɓa ƙwayar bairos.

Tambayar farko: guda ɗaya ce ko garke ne?

Likitocin dabbobi kan fara da ware kazar daga sauran, sannan su tambayi yadda ciwon ya zo. Idan kaji da yawa suka kwanta cikin kwana biyu ko uku, suna koren zawo, suna numfashi da ƙyar, wasu wuyansu na murɗewa, to zargi ya fi karkata ga cutar Niyukasil, wadda ta fi ɓarna a lokacin hunturu. Ba ta da magani, rigakafi kawai take da shi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da shi.

Idan kuwa suna faɗuwa matattu farat ɗaya, fuska a kumbure, wajibi ne a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, kuma kada a yanka, kada a ci. A Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma cuta ce da kan iya kama mutum.

Ciwon da tsutsa ko ƙwari ke jawowa ya fi zuwa a hankali. Kazar za ta yi ta ramewa, ta rage ƙwai, har a wayi gari ta kasa bin 'yan uwanta.

Abin da hannu da ido za su iya ganowa

Mai kiwo zai iya gano abubuwa da yawa kafin ya kashe ko kwabo. Ya shafa ƙirjin kazar: idan ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa, rama ta daɗe. Ya duba zankonta, wato jan naman da ke bisa kai: idan ya koɗe, alama ce ta ƙarancin jini.

Sai ya buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na kusa da dubura. Ƙwarƙwata kan bazu da gudu, ta bar fararen ƙwayaye manne a gindin gashi. Ƙuma kan lafe baƙi ƙirin a gefen ido da kan zanko. Akwai kuma waɗanda ba a cika samun su a jikin kaza da rana ba. Kaskar kaji da wasu jajayen ƙwari ƙanana sukan ɓuya a tsagar bango da ta katako, su fito da dare su sha jini. Sai an haska akurki da tocila bayan isha'i ake ganin su. Kaskar tana iya rayuwa fiye da shekara ba ta ci komai ba, kuma tana yaɗa wata cutar zazzaɓi a tsakanin kaji.

Kashin kaza shi ne shaida ta uku. Jini a cikinsa, musamman ga tsakin da ke tsakanin mako uku zuwa shida, yana nuni ga koksidiyosis, wadda wata halitta da ido ba ya gani ke haddasawa ta hanyar cinye bangon hanji. Ƙwayayenta suna nuna cikin kwana ɗaya ko biyu a ƙasa mai laima, shi ya sa ta fi yawa da damina. Doguwar farar tsutsa, wadda kan kai tsawon santimita 10, ita ce aka fi samu a hanjin kajin gida. Ɓarɓashi fari kamar ƙwayar shinkafa kuwa guntayen tsutsa mai faɗi ne, wadda kaza ke ɗauka idan ta ci tururuwa, ƙuda ko buzuzu.

Rashin ganin tsutsa a kashi ba ya nufin babu ita. Tabbaci yana ɗakin gwaji, inda ake dama kashin da ruwan gishiri mai kauri, ƙwayayen su taso sama, a duba su da madubin likita. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna yin wannan gwaji.

Kowace cuta da maganinta

Ga koksidiyosis, amprolium ake sawa a ruwan sha na kwana biyar zuwa bakwai. Yana aiki ne ta hanyar hana cutar samun bitamin B1, don haka haɗa shi da maganin ƙarin kuzari mai wannan bitamin yana rage masa ƙarfi. Ga tsutsa, piperazine doguwar farar kawai yake fitarwa, levamisole da fenbendazole sun fi shi faɗin aiki. Akan maimaita bayan mako biyu zuwa uku, kuma garken duka ake ba wa, domin a ƙasa ɗaya suke tsinta.

Ga ƙwarin jiki, akurki ma sai an yi masa magani: a share, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a liƙe tsaga, a sa hodar da aka yi domin kaji, a sake bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Basilin yana toshe wa ƙumar fuska numfashi, toka da yashi kuma suna ba kaji wurin birgima. Fesa fiya-fiya a jikin kaza guba ne gare ta da mai fesawa.

Maganin dabbobi mai rajistar NAFDAC galibi yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai. Kazar da aka ɗura wa kafso da safe aka yanka da yamma, da sauran maganin a jikinta take shiga tukunya.

Inda lamarin ya wuce akurki

Duk lokacin da aka ba da maganin kashe bakteriya ba bisa buƙata ba, ƙwayoyin da suka tsira suna ƙara taurin kai, kuma suna iya isa ga mutane ta abinci da ruwa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Ɗora wa uwargida laifi kaɗai ba adalci ba ne. Kemis yana bakin layi, malamin dabbobi kuwa sau da yawa sai an hau mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Najeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da bijirewar magani a 2017, kuma a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Ma'aunin da ya kamata matasa su riƙe wa gwamnatin tarayya da na jihohi mai sauƙi ne: malaman dabbobi nawa aka ɗauka aiki, asibitocin dabbobi nawa ke da madubin gwaji mai aiki, kuma rigakafin Vom yana isa ƙauye kafin hunturu ko sai bayan akurki ya zama kango.