Motsin Ido da Labarin da Yake Bayarwa Game da Ƙwaƙwalwa

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen yara, Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Likitoci kuwa, idan suna neman labarin ƙwaƙwalwa, ido suke tambaya, domin ido ba ya juya kansa. Ƙwaƙwalwa ce take sarrafa shi kamar yadda mahayi yake sarrafa doki da linzami. Wanda ya san yadda lafiyayyen ido yake motsi zai iya gane alamar ciwo tun bai yi nisa ba.

Yadda ido yake motsi

Kowane ido yana da tsoka 6 da suke juya shi sama da ƙasa, dama da hagu, kuma jijiyoyi 3 ne suke kawo musu umarni daga ƙwaƙwalwa. Wurin da ido yake gani tar ɗan ƙarami ne ƙwarai. Ku miƙe hannu ku dubi farcen babban yatsa: kusan iyakar faɗinsa ke nan, sauran duk dishi-dishi ne. Saboda haka ido yake tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau 3 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma ta harhaɗa abin da ya tsinto ya zama hoto guda. Wani likitan ido na Faransa mai suna Émile Javal ya bayyana wannan tun wajen 1878, da aka lura cewa idon mai karatu ba ya bin layi sumul, tsalle yake yana tsayawa.

Ku gwada da madubi. Ku dubi idonku na dama, sannan na hagu. Ba za ku ga motsinsu ba, amma wanda yake tsaye kusa da ku zai gani, domin ƙwaƙwalwa tana danne gani a lokacin tsallen. Ido ba ya tafiya sumul sai in yana bin abu mai motsi, kamar tsuntsu a sama. Haka kuma a can cikin kunne akwai sashen da yake auna motsin kai, yana sa ido ya juya daidai gwargwado. Shi ya sa kuke iya karanta allon kan hanya kuna cikin mota tana gargada.

Ido yana zuwa inda hankali ya aike shi

A shekarun 1960 wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna wa mai kallo zanen wani mutum da ya shigo ɗaki ya tarar da iyali, yana bin diddigin inda idon yake sauka. Da ya ce a kimanta shekarun mutanen, sai ido ya koma kan fuskoki. Da ya ce a kimanta arzikinsu, sai ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Zane ɗaya ne, tambaya ce ta sauya hanyar ido.

Kun san wannan a kasuwa. Dillali a kara idonsa yana kan tozo da ƙafafu da tafiyar sa, alhali baƙo ƙaho kawai yake kallo. Mai canjin naira da sefa a Jibiya ko Maraɗi ya san inda zai duba a jikin takardar kuɗi. Idan kuma lissafi ya rikice, ido yakan daɗe a kan lamba ɗaya ko ya koma baya, alamar ƙwaƙwalwa tana fama.

Sai dai a yi hattara. Masu bincike sun gwada zancen nan cewa wanda ya kalli gefe kaza yana ƙarya, ba su sami hujja ba. Yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba kunya ce da tarbiyya, kada a ɗora masa laifi saboda haka.

Alamomin da za ku lura da su ga yara

• Jariri ɗan wata 3 ya kamata ya riƙa kallon fuskar uwarsa, yana bin ta da ido. In ba ya yi, a kai shi a duba.
• Ido yakan ɗan karkace jefi-jefi a watannin farko. Idan harara-garke ta zauna, ko ta ci gaba bayan wata 4, a nemi likitan ido. Ƙwaƙwalwar yaro takan daina amfani da idon da ya karkace har ya raunana, kuma gyara ya fi yiwuwa kafin shekara 7.
• Idan kan jariri yana girma fiye da kima, idanunsa kuma suna kallon ƙasa har farin yana bayyana a sama, alama ce ta taruwar ruwa a kai.
• Idon da yake rawa ba tsayawa yakan samu ga zabiya da yaran da aka haifa da raunin gani. Ba aikin iska ba ne, kuma tabarau da zama a gaban aji suna taimaka musu.
• Yaro mai zazzaɓi da idonsa ya kafe, ko ya juye gefe guda, ko ya daina gane mutane, yana cikin haɗari. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo haka, musamman da damina, sanƙarau kuma da rani.

Alamomi ga manya

Ganin abu ɗaya ya zama biyu farat ɗaya, ko fatar ido ta sauko ta rufe ido, yana nuna wata jijiya ta sami matsala, kuma ya fi faruwa ga masu ciwon suga da hawan jini. Idan idanu biyu suka karkata gefe guda, baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, kuma kowace sa'a tana da muhimmanci. Direban da idonsa ya yi nauyi, ya kafe a kan hanya, barci ne yake sace shi. Ku sa shi ya tsaya ya huta, ko da za a makara cin kasuwa.

Abin da za ku yi

Idan yaro yana jijjiga, ku kwantar da shi a gefensa. Kada ku cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo. Kada ku ɗiga ruwan albasa, ruwan ganye ko wani magani a ido ba da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Ku nufi asibiti ko gidan likita mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake, ku tafi da katin yaron da magungunan da aka riga aka ba shi. Ku faɗa wa likita lokacin da abin ya fara da gefen da idon ya karkata, domin wannan bayani yana nuna masa inda ciwon yake.

Yau da kun koma gida, ku ɗaga wani abu mai launi a gaban ƙaramin yaronku, ku kai shi dama da hagu a hankali, ku ga ko idanun biyu suna bin sa tare. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.